Na'urar da ke bin ido

Ranar kasuwa a Kore Mairuwa, dillalin shanu ba ya dogara da abin da bakin mai saye ya faɗa. Idonsa yake kallo. Mai saye yakan tsaya gaban wani bijimi yana tambayar kuɗinsa, yana taɓa tozonsa, kamar shi ya kawo shi kasuwa. Amma idonsa yana ta komawa kan wata karsana da ke ɗaure a gefe. Dillali ya gani, ya yi shiru. In aka zo ciniki, kuɗin karsanar nan ba ya sauka.

Abin da dillali yake yi da wayo, yau akwai na'urar da ke yin sa da lissafi. Ana sa ta cikin wani babban tabarau da ake ɗaurawa a kai. Tabarau ɗin yana da ƴan alluna biyu masu nuna hoto, ɗaya gaban kowane ido, kamar ƙananan telebijin. Wanda ya sa shi yana kallon hoto. Na'urar kuwa tana kallon idonsa, ta san inda ya duba, da tsawon lokacin da ya yi yana duban. Kafin a gane yadda take aiki, sai an san shi idon kansa.

Ido ba ya gani sosai sai a wuri ɗaya

Ƙwayar idon babban mutum faɗinta wajen milimita 24 ne. A gabanta akwai wani murfi garai-garai kamar gilashi. Bayan murfin akwai baƙin ido. A tsakiyar baƙin ido akwai ƴar ƙofa zagayayya, ta nan haske yake shiga. Ƙofar nan tana tsukewa cikin rana har ta koma milimita 2, tana buɗewa cikin duhu har ta kai milimita 8. Hasken da ya shiga yana faɗawa kan wani tantani da ke shimfiɗe a bayan ido. Shi ne yake aika labari zuwa ƙwaƙwalwa.

Tantanin nan ba duka ne yake gani da kyau ba. A tsakiyarsa akwai wani ɗan gurbi, faɗinsa wajen milimita 1 da rabi. Abin da hotonsa ya faɗa cikin gurbin nan, shi ake gani tar. Sauran duka dishi-dishi ne.

Yaro yana iya auna wannan da jikinsa. Ya miƙe hannunsa gaba, ya tayar da babban yatsa, ya dubi farcensa. Faɗin yatsan nan, kusan shi ne iyakar wurin da ido yake gani tar a lokaci ɗaya. In bai yarda ba, ya kafa idonsa kan kalma ɗaya a tsakiyar wannan shafi. Kada ya motsa shi. Ya gwada karanta kalma ta biyar daga hannun dama. Zai ga akwai baƙin rubutu a wurin, amma ba zai iya karanta shi ba.

To, me ya sa mutum yake jin kamar yana ganin komai sarai? Domin ido ba ya zama wuri ɗaya. Kowane ido yana da tsoka 6 da ke jan sa sama da ƙasa, dama da hagu. Yakan tsaya kaɗan, ya yi tsalle, ya tsaya, ya sāke tsalle, sau 3 ko 4 cikin sakan ɗaya. Ƙwaƙwalwa ce take haɗa guntayen nan, kamar mai ɗinki yana haɗa ƙyallaye su zama riga.

Akwai wani abin mamaki. Lokacin da ido yake cikin tsalle, ƙwaƙwalwa tana rage ganin mutum, don kada duniya ta riƙa juya masa. Yaro ya tsaya gaban madubi, ya dubi idonsa na dama, sannan ya dubi na hagu. Ko sau ɗari ya yi, ba zai ga idonsa yana motsi ba. Abokinsa da ke tsaye gefe kuwa yana ganin motsin ƙarara.

Waɗanda suka fara bin ido

A birnin Pari na ƙasar Faransa an yi wani likitan ido, sunansa Emile Javal. Wajen shekarar 1879, shi da abokan aikinsa suka lura cewa idon mai karatu ba ya bin layi sumul kamar maciji. Tsalle yake kamar fara. Likitan nan, da ya yi rayuwarsa yana duba idanun mutane, daga baya ciwon hawan jinin ido ya makantar da shi.

An san ido yana tsalle, saura a auna. Nan aka sha wahala. Wajen 1898, wani Ba'amurke mai suna Edmund Huey ya yi ɗan ƙoƙo mai huda a tsakiya, ya manna shi kan ƙwayar ido. Ya haɗa ƙoƙon da wani siririn tsinke. In ido ya motsa, tsinken ya ja zane kan takardar da aka shafa wa baƙin hayaƙi. Sai an ɗiga wa mutum maganin kashe zafi kafin a sa masa shi. Ba kowa ne zai yarda a yi masa haka ba.

A 1901, Raymond Dodge da Thomas Cline, su ma a Amurka, suka bi wata hanya mai sauƙi. Suka bar taɓa ido, suka koma ɗaukar motsinsa da kamara. Hasken da ke ƙyalli a murfin ido ya zama alamar da ake bi. A 1948, Hartridge da Thomson a Ingila suka yi na'ura ta farko da ake ɗora wa mutum a kai, don ya iya motsa kansa ana aikin.

Wanda ya kamata a daɗe a kansa shi ne Alfred Yarbus, wani masani na birnin Mosko. Littafinsa ya fito da Rashanci a 1965, da Ingilishi a 1967. Ya manna ɗan ƙaramin madubi a ido, ya haska shi, hasken da madubin ya mayar ya zana hanyar ido kan takardar hoto. Ya sa mutum ya kalli wani zane na Ilya Repin. A zanen, wani mutum ne ya shigo ɗaki ba zato, iyalinsa suna dubansa. Yarbus ya sa aka kalli zanen nan sau 7, kowane kallo minti 3. A karo na farko bai ce komai ba. A sauran yakan ba da aiki dabam. Da ya ce a faɗi shekarun mutanen, ido ya maƙale a fuskoki. Da ya ce a faɗi ko gidan masu hali ne ko talakawa, ido ya koma kan tufafi da kayan ɗaki. Da ya ce a kimanta tsawon lokacin da baƙon ya yi ba ya gida, ido ya yi ta kai da kawowa tsakanin fuskar baƙon da fuskokin mutanen gida.

Zane ɗaya ne, ido ɗaya ne, amma sawu 7 dabam-dabam. Wato tambayar da ke cikin zuciya ita take jan ido. Dillalin shanu ya san haka tun kafin a rubuta shi a littafi.

Yadda na'urar take aiki

Tabarau mai nuna hoto ya girmi iyayen ƴan makaranta da yawa. Ivan Sutherland ya yi irinsa a Amurka a 1968. Nasa yana haɗe da wani dogon hannun ƙarfe da ke rataye a rufin ɗaki, kuma motsin kai kaɗai yake bi. Sai da kamara ta ƙanƙance, ta koma kamar ƙwayar gero ko wake, sannan aka iya cusa mai bin ido cikin tabarau.

Cikin tabarau akwai duhu. Kamara kuwa tana bukatar haske. In aka kunna fitila irin ta kullum, za ta kashe wa mutum ido, ta ɓata hoton da yake kallo. Saboda haka ake aiki da wani haske ɓoyayye. A bakan gizo, launin ja ne a gefe ɗaya. Bayan jan nan akwai wani haske da idon mutum ba ya gani. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800. Ya ajiye ma'aunin zafi gefen jan launi, inda babu komai a ido, sai ya ga zafi ya hau.

Hasken nan yana cikin gidaje da yawa. Ɗan abin da ake canza tashar telebijin da shi yana da ƴar fitila a gaba. In an danna, ido ba ya ganin komai. Amma in aka duba ta cikin kamarar wayar salula, a wayoyi da yawa za a ga fitilar tana ƙiftawa.

Irin waɗannan ƴan fitilu ake jerawa kewaye da gilashin tabarau, suna haska ido. Wata ƴar kamara tana ɓoye a gefe, tana ɗaukar hoton ido. A wasu na'urori takan ɗauka sau 120 cikin sakan ɗaya. A kowane hoto, kwamfuta tana neman abu biyu.

Na farko shi ne ƙofar haske ta tsakiyar ido. Ko da idon mutum baƙi ƙirin ne a rana, cikin haske ɓoyayye baƙin ido yakan fito fari-fari, ƙofar kuwa ta fito baƙa. Kwamfuta ta kewaye ta, ta sa alama a tsakiyarta.

Na biyu shi ne ƙyallin fitila. Duk wanda ya dubi idon ɗan'uwansa kusa da taga ya ga ɗan farin ɗigo yana ƙyalli a ciki. Hoton taga ne a kan murfin ido. Haka ƴan fitilun nan suke barin ɗigo-ɗigo.

Ga dabarar. Fitila tana kafe wuri ɗaya, murfin ido kuwa kusan zagayayye ne kamar bayan ƙwarya. Don haka in ido ya juya, ɗigon ƙyalli ba ya matsawa da yawa. Ƙofar haske ita ce take tafiya sosai. Ɗigon ya zama kamar turke, ƙofar ta zama kamar akuyar da aka ɗaure a jikinsa. In an san nisan akuya daga turke, da gefen da ta nufa, an san inda take kiwo. Haka kwamfuta take auna tazarar da ke tsakanin ɗigon da tsakiyar ƙofar, ta lissafa inda ido ya dosa. Da yake ido biyu ne, tana iya ja layi daga kowane ɗaya. Inda layukan suka haɗu yana nuna ko abin da ake kallo yana kusa ko yana da ɗan nisa.

Saura aiki ɗaya. Gurbin gani ba ya daidai tsakiyar bayan ido, ya ɗan karkace gefe, kuma karkacewar kowa dabam ce. Saboda haka sabon mai tabarau sai ya gabatar da idonsa ga na'urar. Tana nuna masa ɗigo a allo, ya dube shi. Ta nuna wani a sama, wani a ƙasa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta san idonsa. In aka yi da kyau, kuskurenta ba ya wuce faɗin farcen ƙaramin yatsa a miƙaƙƙen hannu.

Abin da ake yi da ita

Hoton cikin tabarau kwamfuta ce take zana shi, sau 90 ko fiye cikin sakan ɗaya. Aiki ne mai cin batir, mai sa na'ura zafi. Amma tun da ido ba ya gani tar sai wuri kamar faɗin yatsa, me zai sa a wahala a kan sauran? Sai kwamfuta ta ƙawata wurin da ido ya sauka, ta bar gefe sama-sama. Kafin ido ya gama tsalle ya zauna wani wuri, ta riga ta ƙawata can. Kamar yaron da aka sa shara ne, yana share inda idon babarsa zai sauka kaɗai. Bambancin shi ne, yaro ana kama shi, na'ura kuwa in tana da sauri ba a kama ta.

Kamfanin Tobii, wanda aka kafa a ƙasar Suwidin a 2001, ya yi suna a wannan sana'a. Fasaharsa tana cikin tabarau na HTC Vive Pro Eye da ya fito a 2019, da PlayStation VR2 na kamfanin Sony da ya fito a 2023. A watan Fabrairu na 2024, kamfanin Apple ya fitar da Vision Pro a Amurka. Yana da kamara 4 masu kallon ido. Mai shi yana duban abin da yake so a allo, ya haɗa babban yatsa da manuni, abin ya buɗe. Ido ya zama yatsan nuni. Kuɗinsa ranar da ya fito dalar Amurka 3.499, wato fiye da miliyan 2 na kuɗin sefa. Shanu nawa ke nan a kasuwa? Wannan lissafi ne mai kyau ga ɗan aji.

Masu binciken karatu su ma suna aiki da masu bin ido. Sun auna masu karanta Ingilishi, suka ga ido yana tsayawa wajen rubu'in sakan, sannan ya tsallake haruffa 7 zuwa 9. Wani lokaci yakan koma baya. Yana daɗewa kan kalmar da ba a saba da ita ba. Mai harshe biyu, idonsa ya fi yawan tsayawa in yana karanta harshensa na biyu. Ɗan makarantar da ke gudu cikin karatun Hausa, ya zo Faransanci ya riƙa tuntuɓe, ba rashin ƙwaƙwalwa ne ke damunsa ba. Kalmomin ne ba su zama ƴan gida ba tukuna. An kuma gano cewa mai karanta boko idonsa yana leƙen abin da ke hannun dama, mai karanta Larabci kuwa yana leƙen hagu. Yaron da ke zuwa makarantar allo da safe, ya zo ta boko da hantsi, idonsa ya koyi hanya biyu.

Akwai kuma direbobi. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi Dosso, ta ratsa Kore Mairuwa zuwa Dogondutsi da Ƙonni, ba ta rabuwa da manyan motoci dare da rana. Barci kuwa ba ya sallama. A wasu ƙasashe ana kafa irin wannan kamara gaban direba. In fatar idonsa ta fara nauyi, ko ya daɗe bai dubi hanya ba, sai ƙararrawa ta yi kuka.

Inda take tuntuɓe

Kwamfuta tana neman baƙin abu zagayayye. In mai tabarau ya sha tozali da yawa, ko gashin idonsa dogo ne ya sauko, tana iya ruɗewa ta ɗauki wani baƙi a madadin ƙofar haske. Tabarau na likita yana ƙara ɗigon ƙyalli na ƙarya. Rana ma abokiyar gaba ce, domin haskenta cike yake da haske ɓoyayye, ya fi na ƴan fitilun ƙarfi nesa ba kusa ba. Tabarau rufaffe bai cika damuwa da wannan ba. Amma buɗaɗɗe, wanda ake ganin waje ta cikinsa, zai sha wuya a tsakar rana ta watan Afrilu a ƙasar Arewa.

Wata matsalar ba ta na'ura ba ce, ta mutane ce. Mutum yana iya kama bakinsa, amma kama ido da wuya. A 1960, Eckhard Hess na jami'ar Shikago ya nuna cewa ƙofar haske tana ɗan buɗewa in mutum ya ga abin da ya ja hankalinsa. Daga baya ya nuna tana buɗewa in yana lissafi mai wuya a ka. Zanen da ke cikin baƙin ido kuma kowa da nasa, kamar zanen yatsa. Vision Pro da shi yake gane mai shi.

Dillali yana ganin ido ranar kasuwa, ya manta kafin wata kasuwar. Na'ura tana iya rubuta kowane kallo, ta ajiye. Mai talla zai so ya san hajar da ido ya fi komawa kanta. Mai gida zai so ya san ko ma'aikacinsa yana duban aikinsa. Wasu kamfanoni sun ce labarin ido ba ya fita daga cikin tabarau. Ya kamata duk wanda aka miƙa wa irin wannan abu ya tambaya tukuna: wa yake ajiye sawun idon, kuma wa zai gan shi?

Magana da ido

Akwai wata cuta da ke kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali. Hannu ya mutu, ƙafa ta mutu, harshe ya yi nauyi, alhali hankalin mutum yana nan garau. Sau da yawa tsokar ido ita ce take daɗewa tana aiki. Irin waɗannan marasa lafiya ana kafa musu allo mai haruffa, da mai bin ido a ƙasansa. Mutum ya kafa ido kan harafi na ɗan lokaci, harafin ya rubutu. Ya bi haka har jimla ta cika, na'ura ta faɗe ta da murya. Steve Gleason, wani tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka da cutar ta kama a 2011, da idonsa yake rubutu, da shi yake magana da iyalinsa.

Wannan na'ura tana da tsada. Amma masu jinya suna da wata dabara da ta girme ta, wadda ba ta bukatar lantarki. Ana iya yin ta a kowane gida da ke da mara lafiyar da jikinsa ya shanye, magana ta gagare shi, amma yana gane abin da ake faɗa.

A sami kwali mai faɗi, kamar kamu biyu kowane gefe. A yanke taga a tsakiyarsa, wadda fuska za ta leƙo ta ciki. A kusurwa huɗu a zana abubuwan da mara lafiya ya fi bukata: moɗar ruwa a sama dama, ƙwaryar fura a sama hagu, buta a ƙasa dama, tabarma a ƙasa hagu. A yi zanen gaba da baya, kowane a daidai bayan ɗan'uwansa. Mai jinya ya riƙe kwalin tsakaninsa da mara lafiya, ya leƙa ta tagar, ya dubi idonsa. In ido ya tafi wajen moɗa, ya tambaya: "Baba, ruwa?" Sun riga sun shirya alama, ƙifta ɗaya i, ƙifta biyu a'a. In mara lafiya ya iya karatu, sai a sa haruffa rukuni-rukuni a madadin zane, na boko ko na ajami.

Ƴan aji suna iya gwadawa biyu-biyu. Ɗaya ya kama bakinsa, ya ajiye hannuwansa a kan cinya. Ɗaya ya riƙe kwali. Da farko a bar kusurwa huɗu. In mai riƙe kwali ya daina kuskure, a ƙara zane biyu, ɗaya a tsakiyar sama, ɗaya a tsakiyar ƙasa, a ga ko zai iya rarrabe shida.